Tarin da ya zagaye gidanmu: wai korona tana nan har yanzu?

Ɗan Garin Malam:

Salamu alaikum jama'ar Damagaram, ya sanyi ya ƙura. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin likita don ni kaina ya kulle. Sati uku ke nan tari yana zagaya gidanmu kamar adashi, kowa sai ya ɗauki nashi. Ƙanena ne ya fara, ya dawo daga Agadas a kar, kwana biyu da saukarshi ya kama mura da ciwon maƙogwaro muka ce gajiyar hanya ce da ƙurar Tanut. Daga shi sai maiɗakina, daga ita sai yara biyu, sannan ni, ni kam kwana huɗu ban buɗe shago ba jiki kamar an daka ni a turmi, kuma abin da ya ɗaga mini hankali na shafa turare ban ji komi ba, shayi ma ɗuminshi kawai nake ji a baki. Na je CSI, ƙaramar likitar unguwa, aka yi mini gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ba a ga komi ba, aka rubuta mini parasetamol aka ce in yi ta shan ruwa. Alhamdu lillahi na miƙe, hancin ma ya fara dawowa.

To yanzu damuwata Baba ne. Shekararshi 74, yana da diyabet ga tansiyo, kuma har yau shi kaɗai ne abin bai taɓa ba. Kullum da dare jikoki ɗakinshi suke taruwa saboda shi ke da furno na gawayi, a rufe ƙofa a saki labule, wannan ya yi tari wannan ya share majina da hannun riga, shi ko yana tsakiya yana musu tatsuniya. Ga shi ƙanwata ta haihu a gida take wanka, suna ranar Lahadi, dangi za su zo daga Mirya da Magarya har da na Kano.

Tambayata uku ce. Na ji a rediyo tun 2023 an ce korona ta ƙare, to ta ƙare ne ko tana nan? Baba ya yi allura biyu a 2021, irin ta Sin ɗin nan, tana da sauran aiki a jikinshi? Na ukun ita ta fi mini wuya, ta yaya zan ce ma mahaifina kar jikokinshi su shiga ɗakinshi? Shekaranjiya na sa takunkumi na shiga gaishe shi ya kalle ni ya ce ko wari yake yi ne, wallahi kunya ta sa na cire.

Kabu-kabun Dole:

Wa alaikumus salam mai gida. Ni dai kar ka ɗaura ma kanka hawan jini a banza, mura ce ta hunturu wadda muka sani tun muna yara, kowace shekara in buji ya sauka haka gari yake, je ka tasha ka tsaya minti biyar ka ji tari kamar ana gasa. Korona ai ta zo ta wuce da kuɗinta, waɗanda za su ci sun ci. Mun ga yadda aka rufe muna masallatai a 2020 har aka yi rigima a Mirya, aka hana mu ɗaukar mutane yadda muka saba, aka ce gawa za a riƙa tsinta a titi, ina gawar? Ni tun daga lokacin kullum ina kan babur daga kasuwar Dole zuwa Birni zuwa Kara-kara, mutum nawa ya yi tari a ƙeyata Allah kaɗai ya sani, ga ni garau. A dafa ma tsoho citta da kanumfari da lemun tsami a sa zuma, in ya fara tari a sayo mishi amoksi sashe ɗaya shi ke nan. Takunkumi kam ina sa shi amma don ƙura, ba don wata korona ba.

Majo mai retret:

Ɗana Ɗan Garin Malam, Allah ya ƙara ma tsoho lafiya ya raya abin da aka samu. Na yi aikin anfirmiye sama da shekara talatin, yawanci a ƙauyukan jihar nan, bari in gaya maka abin da na sani, ka yi haƙuri da tsawo, tsofaffi ba mu iya gajarta magana ba.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne amma rabinshi aka ji. Ranar 5 ga Mayu 2023 shugaban OMS, hukumar lafiya ta duniya, Tedros ya ce an ɗage dokar ta-ɓaci ta duniya da aka sa tun 30 ga Janairu 2020. Dokar aka ɗage, kuma a bakin nan nashi ya ce cutar ba ta tafi ba. Kamar gobara ce a kasuwa, in ƴan kwana-kwana sun naɗe tiyo sun koma ba yana nufin an daina hura wuta a gari ba. Birus ɗin yana nan yana canza riga, Delta a 2021, Omicron a ƙarshen shekarar, kuma waɗanda ke yawo yanzu duk zuriyar Omicron ne. Abin da ya canza shi ne jikinmu, yawancin mutane ko sun yi allura ko sun kamu sun warke ko duka biyu, shi ya sa yanzu take zuwa ma matashi irinka a matsayin mura mai nauyi ta kwana huɗu biyar.

Ko abin da ya shiga gidanku ita ce? Ba mai iya rantsewa sai da gwaji, don grip, wato mura mai zafi da zazzaɓi, da korona da murar yau da kullum kamanninsu ɗaya a ido. Ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano dai yana sa a yi zarginta sosai. Amma in gaya maka gaskiya sunan ba shi ne ya dame ni ba, tsoho mai shekara 74 da suga da tansiyo ko grip ce ta sauka mishi a ƙirji tana iya kai shi urjans, ɗakin gaggawa na likita. Matakin da za ka ɗauka ɗaya ne ko wacce ce.

Shi ɗan'uwana mai babur yana tambaya ina gawar. Gaskiyarshi ta wani gefen, tun ranar 19 ga Maris 2020 da aka samu mutum na farko a Yamai, waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar duka ba su kai 10,000 ba, waɗanda aka rubuta sun rasu 300 da ƴan kai. In ka gwada da Italiya ko Amurka kamar ba a yi komi ba. Amma ka tuna abu biyu, kusan rabin mutanen ƙasar nan yara ne ƴan ƙasa da shekara 15 kuma ita cutar tsofaffi take kayarwa, sannan wanda aka gwada kaɗai ake ƙirgawa. Dattijo nawa ne a ƙauye ya yi tari kwana biyar numfashi ya gagara aka kai shi makwanci kafin la'asar aka ce lokaci ne ya yi? Lokacin ne ya yi, ba musu, amma ba wanda ya sa mishi tsinke a hanci balle a rubuta. Kuma ba mu manta da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ba, ɗan jihar nan ne daga Tesker, ya rasu 3 ga Mayu 2020 aka kuma sanar cewa ita ce, Allah ya jiƙanshi.

Maganar allura. An fara yi a ƙasar nan ƙarshen Maris 2021 da Sinopharm, daga baya AstraZeneca da Johnson suka zo. Wadda Baba ya yi ba ta tafi a banza ba, jiki yana riƙe da wani abu da ke rage tsanani, sai dai kariyar tana raguwa da watanni, balle shekaru, balle a jikin tsoho. Shi ya sa tun 2023 OMS ta ce matashi mai lafiya ba sai ya yi ta maimaitawa ba, amma tsofaffi da masu diyabet da ciwon zuciya da mata masu ciki da ma'aikatan likita su riƙa sabuntawa bayan wata 6 zuwa 12. Ka ɗauki karne ɗinshi na allura ka je wajen majo, shugaban CSI ɗinku, ka tambaya, in babu a nan ya gaya maka inda za ka dosa.

Yanzu ga abin da ya fi allurar gaggawa, ɗakin nan. Ƙofa rufe, labule sake, gawayi na ci, yara suna tari, wallahi da za a ce in zana hanyar da cutar numfashi ta fi so da haka zan zana. A iska take tafiya, tana taruwa a ɗakin da ba ta da mafita kamar yadda hayaƙin turaren wuta yake taruwa. Hayaƙin gawayin kanshi yana cin ƙirji, kuma furno a ɗaki rufe yana fitar da iska mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci, wannan ko ba korona a duniya a fitar da shi kafin a kwanta. A ɗumama ɗakin da magariba, a fitar da wutar, a ƙara mishi bargo da safa, da hantsi a buɗe taga da ƙofa rana ta shiga. Wanda ya fara mura kwana biyar na farko ya fi yaɗawa, a wannan tsakanin ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Waɗanda suka yi sati biyu da warkewa sauran ɗan tari kawai ba su ne abin tsoro ba.

In kuma ya kamu duk da haka, ga abin da ba a kwana da shi a gida: numfashi da sauri ko haki yana zaune, ciwon ƙirji, ruɗewa ko barcin da ba a saba ba, leɓe ya yi duhu, ya ƙi ci ya ƙi sha, ko suga ya hau ya ƙi sauka don zazzaɓi yana hargitsa suga. Ka ga ɗaya daga ciki ka ɗauke shi sai babbar likita ko tsakar dare ne. In kana da hali ka nemi ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana auna iskar jini a farmasi, in ya nuna ƙasa da 92 kar ka tsaya shawara da kowa. Kar ya bar maganin tansiyo da na suga don yana mura. Shi kuma ƙanenka da ya fara, in tarin ya wuce sati biyu bai tsaya ba a kai majinar ƙirjinshi analiz, tarin fuka bai bar garin nan ba, gwaji ne mai sauƙi kuma maganin kyauta ne wata shida.

Maman Ƴan Biyu:

Baba Majo Allah ya saka da alheri, ka faɗi na likita ni bari in faɗi na cikin gida don a nan rigimar take. Ƙanena kar ka kuskura ka ce ma tsoho an hana jikoki shiga ɗakinshi, zai ji kamar an mayar da shi kuturu a gidan da ya gina, kuma ranar zai kira su duka su kwana a nan don ya nuna maka har yanzu shi ne mai gida. Ka juya maganar. Ka ce mishi jaririyar nan ake ji ma tsoro, lokotoro ya ce yara masu mura su daina cakuɗa, a mayar da hira tsakar gida da hantsi a kan tabarma inda rana take. Ba ƙarya ka yi ba kuwa don jinjirin kwana bakwai shi ma mura kaɗai tana iya wahal da shi. Tsoho ba zai yarda a kare shi ba amma zai yarda ya kare jikarshi, har shi zai riƙa korar yaran da sanda. Kuma ba kai za ka kai maganar ba, ka samu Inna ko wata gwaggo da yake jin nauyinta.

Ni abin nan ya taɓa ni shi ya sa ba na wasa da shi. Farkon 2022 na yi irin naka, mura da rashin jin ƙamshi, sati ɗaya na tashi na ce shi ke nan. Ashe ba shi ke nan ba. Kusan wata biyar in na ɗauko bokitin ruwa daga famfo zuwa madafa sai na zauna na huta zuciya na bugawa kamar ganga, ina ƙosai da safe a ƙofar gida dole na bar ma ƴata, in ɗora tukunya in manta na sa gishiri in ƙara. An yi mini gwajin jini an yi hoton ƙirji ba a ga komi ba, dangin miji suka fara cewa lalaci ne wasu suka ce iska ce a nemo malam a yi ruƙiyya, wata ma ta ce kishiya nake jin za a yi mini shi ya sa. Sai wani lokotoro ne ya zaunar da ni ya ce akwai wannan, wasu in cutar ta wuce tana barin gajiya da haki da mantuwa na watanni, an san shi a duniya duka, in yi aiki kaɗan kaɗan kar in tilasta ma jiki. Kuka na yi a gabanshi wallahi, ba don ciwon ba, don an samu wanda ya yarda ba ƙarya nake ba. A hankali ya sake ni. Don haka kai ma da ka miƙe kar ka koma ɗaukar buhu gobe.

Ranar suna kuma maza ai a waje suke, rumfa da tabarmi a ƙofar gida iska na kaɗawa, wannan da sauƙi. Matsalar ɗakin mai jego ce, mata ashirin a ɗaki ɗaya ga turaren wuta kowa sai ta karɓi jaririya ta sumbace ta ta miƙa ma ta gaba. Ku sa wata tsohuwa mai baki a bakin ƙofa, kowane gida akwai irinta, da buta da sabulu, mai mura ta yi barka daga nesa. Za a yi gulma kwana biyu a manta.

Kabu-kabun Dole:

To Baba Majo na ji, ba zan ja da kai ba kai ka ga jiya. Allah ya jiƙan minista na tuna lokacin. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne yadda aka yi muna, talaka in bai fita yau ba ba a ɗora tukunya, aka zo da doka irin ta Faransa aka kifa muna. Shi ya sa ko sunan ba mu son ji. Kuma amoksi ɗin da na ce fa, ni duk sanda na sha shi da ƙwayar deksa (deksametazon) kwana uku na warke, mene ne laifinshi?

Majo mai retret:

Ɗana mai babur, a kan talaka da doka ban ƙi taka ba, an sha wuya kuma wuyar ce ta sa yau ko gaskiya aka faɗa ba a saye. Amma ka lura ba wanda ya ce a rufe masallaci ko kasuwa yanzu, maganar ɗaki ɗaya ce da tsoho ɗaya.

Amoksisilin ƙwayoyin bakteriya yake kashewa, birus ko a jikinshi. Kwana ukun da ka ce, ko ruwan randa ka sha za ka warke a cikinsu don jikinka ne ya yi aikin. Asarar ita ce ranar da ciwon huhu na gaske ya zo maganin ya riga ya saba da ƙwayoyin jikinka ya ƙi ci. Deksa kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro, wannan da ake sayarwa a faranti cikin rana har ƴan mata na sha don su yi ƙiba. Gaskiya ne a 2020 likitocin Ingila sun gano tana ceton masu korona, amma waɗanda suke kwance an sa musu oksijan, ba mai mura a gida ba. Tana danne garkuwar jiki tana hau da suga, ka ba tsoho mai diyabet ita ka kai shi inda ba ka so. Citta da kanumfari ba laifi suna gyara maƙogwaro, zumar dai a yi hankali saboda sugan. Takunkumin da kake sawa don ƙura kuma ci gaba da sawa, ita birus ba ta tambayar niyya.

Mushen CM2:

Ni ƙarin bayani kaɗan daga lakwal. Yara sama da saba'in gare ni a klas, daga Disamba zuwa Fabrairu rabinsu da majina, abin da ya shiga klas ranar Litinin kafin Juma'a ya isa gidaje saba'in. In na mayar da yaro mai zazzaɓi gida uwar ta biyo ni da faɗa wai na kore shi. Iyaye dan Allah yaro mai zazzaɓi ya kwana biyu a gida ba zai faɗi jarrabawa ba. Kuma kar komi a ce mura, mun ga sanƙarau a jihar nan ƙarshen 2022, mun ga mashaƙo ta ɓarke a Matamaye a 2023. Yaron da wuyanshi ya sanƙare ko maƙogwaro ya kumbura har haɗiya ta gagara ba na citta ba ne. Na ƙasa da shekara 5 in yana numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki a ruga da shi CSI.

Batun takunkumi da tsoho, mahaifina ma haka yake, ya ce takunkumi na raƙumi ne da jaki. Amma da hunturu ai da kanshi yake jan amawalin rawani ya rufe hanci in zai fita asuba, kakanninmu ma haka suke yi. Sai muka riƙa sa mishi na likita a ciki ya ja amawali a kai, ba mai gani, ya je sahu ya dawo da girmanshi.

Ɗan Garin Malam:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yaya Maman Ƴan Biyu dabararki ta ci, gwaggonmu ta Birni na tura, ban san me ta ce mishi ba amma yau da hantsi na tarar da shi a tsakar gida kan buzu yana ba da umarni wai duk mai majina kar ya kusanci ɗakin mai jego, har ni ya ce in tsaya daga nan. Furno an fitar jiya da dare bayan dogon ciniki, sharaɗinshi in sayo mishi bargo mai nauyi irin na Aljeriya, jika goma sha biyu ya ci mini a Dole. Karne ɗin allurar ne muka nema sama da ƙasa, ashe Inna ta naɗe shi cikin leda da takardun fili a ƙasan adaka, gobe in Allah ya kai mu zan kai ma majo. Ƙanena kuma ya yarda zai kai majinar da safe, da ƙyar.

Amawalin ne ban gwada ba tukuna, Mushe. Baba Majo saura abu ɗaya, ranar suna shi zai zauna gaba kusa da liman kuma duk wanda ya zo sai ya ba shi hannu, mutum ɗari biyu ko fi, ga goro da dabino da zai riƙa ɗauka da hannun nan yana kaiwa baki. In aje yaro da buta da sabulu kusa da shi ne ko in nemo ruwan nan na shafawa a farmasi in ce mishi turare ne?